Muhawara: Yadda za a tsara zaman aiki na wata guda ga masu ɗaukar hoto a Kano

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya nemi hotunan Kano a intanet, abu uku zai yi ta cin karo da su: dawakin hawan sallah, rinin Ƙofar Mata, da Dutsen Dala. Namu ne, muna alfahari da su. To amma ina mai shayi da asuba? Ina 'yan garuwa da kurarsu, ina mai wankin hula, ina cunkoson a-daidaita-sahu a Bata da yamma? A ce masu hoto kaɗan za su zauna wuri ɗaya na sati huɗu, su yi aiki tare a kan rayuwar yau da kullum ta garin nan, yaya ya kamata a tsara abin? Ina nufin yawan mutane, lokaci, kayan aiki, neman izini, da yadda za a zaɓi hotunan ƙarshe.

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka zo da magana mai amfani. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013. Yau nemi hotuna goma masu kyau na yadda titi yake a zamanin acaɓa, ka ga wahalar da za ka sha. Haka kududdufan cikin gari da ake ta cikewa ana gini a kai. Abin da ido ya saba da shi ba a ɗaukarsa, sai ya ɓace a fara nema.

Mutum shida sun isa, kada a wuce takwas. A raba su biyu-biyu, kowane rukuni a haɗa ɗan gari da baƙo. Ɗan gari ya san wanda za a gaisar da lungun da ba a bi, amma idonsa ya gaji da garin. Baƙo kuwa zai tsaya yana kallon abin da ɗan gari ke wucewa kullum.

Sati na farko na gaisuwa ne da yawo, kyamara a rataye amma ba a cika ɗauka ba. Na biyu da na uku su ne na aiki. Na huɗu zaɓe, wanke hotuna, da mayar wa mutane nasu. Kowane rukuni ya riƙe wuri ɗaya tak, ya koma can aƙalla sau takwas. Dalili: ranar farko kowa miƙewa zai yi, ya gyara hula, yara su taru suna ɗaga yatsu. Sai wajen zuwa na huɗu ake mantawa da kai, mai nama ya ci gaba da yankansa kamar ba ka nan. Daga nan ne ake fara samun hoto.

Sadi Lensi: Baba, wuri ɗaya na sati biyu bai yi kaɗan ba? Invisible Borders, ƙungiyar masu hoto da Emeka Okereke ya kafa a 2009, ai tafiya suka yi ta mota daga Legas har Bamako, suna ɗauka a hanya, kuma aikin ya yi suna.

Baba Mai Hoto: Su hanya da kan iyaka suke bincike, dole su yi tafiya. Mu gari muke so. Dubi Fati Abubakar, mai hoto, da ta fara jerin hotunanta mai suna Bits of Borno a 2015: Maiduguri ɗaya ta riƙe, tana komawa kasuwa da makaranta da bakin titi, har duniya ta ga cewa ana biki ana ciniki a garin da ba a jin labarinsa sai na tashin bam. Kasuwar Kurmi kaɗai, wadda take nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, layin 'yan sirdi da kayan doki daban, na dukawa daban, na masu turare da kayan ƙamshi daban. Sati biyu ba su ƙare ta.

Maman Ilham: Kafin a yi nisa, a cikin shidan nan a sa mata biyu, in da hali uku. Namiji iyakarsa zaure. Alhali babban kaso na sana'ar garin nan a tsakar gida ake yinsa: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, alkaki da dubulan na gara, ɗinkin hula, kitso, lalle, awara da ake soyawa a ba yara su kai bakin makaranta, adashi, islamiyyar matan aure. In maza zalla suka yi aikin, za a fito da Kano ta maza, a ce ita ce Kano.

Izini a cikin gida biyu ne. Na mai gida, da na matar da za a ɗauka. Amincewarsa ba ta zama tata ba, kuma a tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban kishiya ko uwar miji ba, don kunya za ta sa ta ce to alhali ba ta so. Da yawa za su yarda da hannu amma ban da fuska. Wannan ba asara ba ce. Hannu biyu suna murza tunkuza, mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsu yana taruwa a gefen kwano, ga zanen lalle ya fara koɗewa a farce, wannan hoto ne cikakke. A nuna mata a fuskar kyamara nan take. Wanda ta ce a goge, a goge a gabanta.

Malam Habu: Hajiya ta yi gaskiya. A waje kuma ga yadda ake bi. A unguwa a fara da mai unguwa, shi zai ce ko sai an je wa dagaci ko hakimi. A kasuwa, ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa, sannan shugaban layin da za a yi aiki. A tasha, shugabannin direbobi, don in 'yan kamasho ba su san da kai ba, ba za ka yi minti goma ba a tare ka. A rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa: su wane ne, kwana nawa, ina za a nuna hotunan, lambar wanda za a kira. Kowa ya riƙe kwafi a aljihu.

Amma takardar nan hanya kawai take buɗewa. Kowane mutum sai an yi masa sallama an tambaye shi. Kuma akwai wuraren da ba a ɗaga kyamara ko da takarda: bariki, ofishin 'yan sanda, shingen bincike, filin jirgi, ƙofar banki. Jirgin nan marar matuƙi kuwa a bar shi a gida, sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro, kuma ba ya ƙara wa irin wannan aiki komai. Daga sama rufin kwano za ka gani, mu kuwa mutane muke nema.

Ɗan Fagge: To batun kuɗi fa? Wani zai ce sai an ba shi na goro kafin a ɗauke shi.

Sadi Lensi: Ni a ganina a biya. Mai hoto zai samu suna, wataƙila ya sayar, shi kuma mai faskare ya tashi a tutar babu.

Malam Habu: Ƙanena, niyyarka mai kyau ce, amma ga abin da ke faruwa. Ka ba mutum ɗaya kuɗi da safe, kafin azahar duk layin ya ji. Gobe kowa zai shirya maka abin da yake zaton kana so, wani ma ya sa tsumma don ya fi ban tausayi. Aikin ya lalace ke nan. Abin da ya fi: ka sayi shayin mai shayi ka zauna ka sha, ka ba mai gyaran takalmi naka ya gyara, ka sayi yadi a marina. In ka tsayar da mutum daga aikinsa rabin awa don hoton fuska, wannan lokacinsa ka ci, ka biya shi daidai abin da zai samu. Sannan kowa a kawo masa hotonsa a wanke. Malick Sidibé, mai hoto na Bamako, wanda ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venis a 2007, a zamaninsa dare yake bi wuraren bikin matasa, ya wanke, ya jera a shagonsa, masu hoton su zo su zaɓi nasu. Shi ya sa suka sake da shi.

Sadi Lensi: Na karɓi wannan, da sharaɗin in an sayar da hoto daga baya, mai fuskar yana da kaso. A rubuta shi.

Bari in shiga kayan aiki. Lensi ɗaya ya isa: 35mm, ko 23mm zuwa 24mm a kyamarori masu ƙaramin sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara. Dogon lensi yana sa ka tsaya nesa kana satar mutane, kuma suna ganewa. Kada a canza lensi a titi, musamman da hunturu, ƙura za ta zauna a kan sensa, ka dawo ka tarar da ɗigo a wuri ɗaya a sararin samaniyar kowane hoto. A riƙe ɗan famfon hura iska da ƙyalle mai laushi. A fara hurawa kafin a goge, in ba haka ba yashin zai karce gilashin.

Saurin ƙiftawar idon kyamara: 1/250 na daƙiƙa ga masu tafiya, 1/500 ga a-daidaita-sahu da babur. In kana son keken ya fito sarai bayansa ya ja, sauka 1/30 ka bi shi da kyamara, cikin goma wataƙila ɗaya ya yi. A titi da rana, buɗin idon lensi f/8 (ƙaramar lamba ita ce babban buɗi). A cikin rumfunan Kurmi haske kaɗan ne, sai wani siririn da ke ratsowa ta tsakanin kwano. Buɗe zuwa f/2 ko f/2.8, ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, 1600 zuwa 3200, ka tsaya inda hasken ke sauka ka jira mutum ya shigo cikinsa. Ban da filasha.

Matsala biyu da ke yawan ɓata aiki a nan. Ta farko, farar shadda da baƙar fata a rana: kyamara za ta ƙone rigar ko ta duhunta fuskar. Rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki a ma'aunin hasken kyamara, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, ka ɗago fuskar a kwamfuta. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, duhu kuwa yana dawowa. Ta biyu, da dare a wurin mai shayi ko mai tsire, wasu fitilun suna kyaftawa da bugun lantarkinmu na 50 a daƙiƙa, sai ka ga ratsi-ratsi a hoto. Sa 1/50 ko 1/100, ratsin zai tafi.

Anti Rabi: A ƙara da ta uku: shuɗin baba. In ka bar kyamara ta zaɓi launi da kanta a Ƙofar Mata, za ta ga shuɗi ya yi yawa ta ƙara rawaya, sai rinin ya fito kamar toka. A kafe saitin launinta a na hasken rana, wajen 5500K. Kuma a lura da wani abu da masu sauri ke rasawa. Lokacin da marini ya ɗago yadi daga rijiyar, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne, sai iska ta buge shi ya juya a kan idonka. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Daƙiƙun nan na juyawar launi, da hannunsa da ya rine har wuyan hannu, su ne hoton. Marinar tana nan tun 1498, an ɗauke ta ba adadi, amma yawanci daga tsaye, daga nesa. Ku tsuguna daidai bakin rijiya. Sannan ku bi sautin 'yan bugu, ku ga inda ake dukan yadi a kan gungume har ya yi ƙyalli.

Waya kuma kada a raina ta. A cikin gida da cikin a-daidaita-sahu ta fi kyamara, don ba ta tsorata kowa. Mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai kyau har kusan santimita 25 da 34, in za a kalla daga ɗan nesa ma ya fi haka. Sharaɗi: a goge idonta, kada a ja hoto da yatsa, a matsa da ƙafa, a kashe abin gyaran fuska. Kuma kada a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi. A tura a matsayin fayil, ko a yi amfani da waya da kebul.

Ɗan Fagge: Wane wata ya fi?

Baba Mai Hoto: Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka, hazo bai yi kauri ba, ga amfanin gona yana shigowa Dawanau. Afrilu zafi kan haura 40, mutum da batir duk suna galabaita. A fita bayan sallar asuba a dawo wajen ƙarfe 10, a sake fita bayan la'asar zuwa magariba. Tsakar rana inuwa tana cika ramin ido, sai dai a shiga rumfa.

Anti Rabi: Baba, a yi mini afuwa, ni ina ganin hazon Disamba da Janairu ba abin gudu ba ne. Yana tausasa rana kamar an rataya farin ƙyalle, ana iya aiki har ƙarfe 12. Ga mutane a duƙunƙune cikin rigunan sanyi, ana jin ɗumi a bakin wutar mai ƙosai, tururi na tashi daga tukunyar koko. Ita ma Kano ce. Abin da za a rasa shi ne nesa: daga kan Dala ba za a ga komai ba.

Baba Mai Hoto: Kin kawo hujja, 'yata. To a fara tsakiyar Nuwamba a ƙare tsakiyar Disamba, a samu duka biyun. Azumi dai a ware masa nasa zaman, don garin gaba ɗaya juyewa yake, dare ya koma rana.

Abba Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Kuna ta maganar ɗauka, amma inda irin wannan zama ke rushewa shi ne ajiya da zaɓe. Ku yi lissafi: mutum 6, hoto 150 a rana, kwana 14, ya kama 12,600. In kowane RAW ya kai megabait 30, kusan gigabait 380 ke nan. A sayi faifan ajiya biyu masu terabait ɗaya-ɗaya, kowane dare a zuba a duka biyun, ɗaya ya kwana a wani gida daban. Ba a goge katin memori sai an buɗe hotunan a faifai na biyu an gani da ido. Ranar farko a daidaita agogon duk kyamarori da wayoyi, in ba haka ba jerin zai rikice. Sunan fayil iri ɗaya ga kowa: kwanan wata, wuri, harufan sunan mai ɗauka, lamba. Batir uku kowa, kuma masaukin ya zama yana da sola ko janareta, don kwamfutar da wuta ta ɗauke mata ana tsakar kwafi tana iya lalata fayil.

Zaɓe kuma: kowane dare mutum ya kawo goma kacal. Ƙarshen sati a wanke waɗanda suka tsira a ƙaramin kati, santimita 10 da 15, a baza a tabarma. A allo hoto ɗaya kake gani, a tabarma kana ganin yadda wannan ke amsa wancan, ka gane cewa mutum uku duk sun ɗauko mai rake, ba wanda ya ɗauko makaranta. Doka ɗaya: mai hoto ya yi shiru har sauran su gama magana. Shi yana tuna wahalar da ya sha kafin ya samu, mai kallo kuwa abin da ke kan katin kawai yake gani. A ƙarshe 40 zuwa 50 sun isa baje koli. A jera su bisa tafiyar yini, daga kiran assalatu zuwa rufe shago, a gauraya na kowa. In aka ba kowa bangonsa, an koma aikin mutum shida daban-daban.

In abin ya yi kyau, a yi na biyu a nan Zinder, a unguwannin Birni da Zango. Gini iri ɗaya, harshe ɗaya, fatauci ya haɗa mu tun da, amma titinmu da naku sun sha bamban, kuma sai an jera hotunan gefe da gefe za a ga ta ina.

Maman Ilham: Akwai abin da ba a taɓa ba: almajirai. Duk baƙon da ya zo da kyamara, su yake fara nufa.

Sadi Lensi: Amma Hajiya, in an cire su an yi ƙarya. Suna cikin garin.

Maman Ilham: Ban ce a cire su ba. Yaro ba ya ba da izini, malaminsa ake tambaya, kuma iyayensa suna wani gari ba su sani ba. Saboda haka a rage fuska a kusa, kada a rubuta sunan yaro da unguwarsu tare. Kuma a je tsangayar, kada a tsaya a bakin titi. Yaron da aka gani da roba da rana, shi ne da asuba yake rungume da allo, yana wanke shi, yana dama tawada, wani yana koyon ɗinkin hula ko yankan farce. Hoton roba kaɗai an yi shi sau dubu, bai canza wa yaro ɗaya komai ba. In za a nuna barar, a nuna ta cikin yininsa gaba ɗaya. Wanda ke kuka, ko marar lafiya, ko wanda ke barci a bakin shago, a sauke kyamara.

Malam Habu: Na goyi baya. A haɗa da rubutun ƙasan hoto. Kowane rukuni ya riƙe ɗan littafi: sunan mutum in ya yarda, sana'arsa, wuri, rana, da jimla ɗaya daga bakinsa. A rubuta a wurin, don bayan sati biyu ba mai tuna wane ne wane. Hausa a sama, Turanci a ƙasa, in an samu mai hannu a ƙara ajami, dattawa da yawa shi suka fi karantawa. Wanda ba ya son sa hannu a takarda, a naɗi amincewarsa da murya a waya, a faɗa masa a fili cewa hoton zai iya shiga intanet.

Tsakanin masu hoton kuma a yi yarjejeniya tun ranar farko. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar hoto a hannun wanda ya ɗauka, sai in an rubuta akasin haka. To a rubuta: kowa na da nasa, rukuni na da damar nunawa da bugawa a littafi, ba a ba kamfanin talla sai an koma wurin mai fuskar, kuma ba mai sa hoto a Instagram kafin mai fuskar ya gani. Wannan na ƙarshen shi ya fi haddasa faɗa. Sunaye da lambobin wayar da aka tara kuma amana ce, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe su, a bar su a hannun mutum ɗaya.

Ɗan Fagge: Saura wurin nunawa. Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa?

Anti Rabi: Ɗaya daga cikinsu, amma a zagaye na biyu. Na farko a unguwar da aka ɗauka, don mai faskare ba zai rufe aiki ya tafi gidan tarihi ba. A buga a kan leda irin ta allon talla, mita ɗaya faɗi, a huda kusurwa huɗu a sa zobe, a ɗaure a bangon makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa da izininsu. Ledar tana jure ƙura, ana goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. A fara buga gwaji ɗaya ƙarami, don injinan nan suna duhunta hoto, sau da yawa sai an ƙara haske kafin a tura. A rataya daidai idon mai tsaye, ba can sama ba. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin aikin gaba ɗaya don wanki da bugu tun farko, a kulle shi, don abinci da mota suna cinye kuɗi kafin sati na huɗu.

Maman Ilham: Hotunan cikin gida ban da bangon titi, ko da matar ta yarda da baje koli. A sake tambayarta a kan wannan daban. Nasu a yi musu zama na mata a islamiyya ko a gidan wata dattijuwa, da yamma bayan la'asar. Kuma katin kowace a sa a ambulan, wadda ta ɗauka ta kai mata hannu da hannu. Kada a ba yaro aike, zai buɗe a hanya, kafin ya isa gida rabin layin sun gani.